Kitson Sallah Da Na Biki: Wa Ke Duba Abin Da Ake Zuba Wa 'Ya'yanmu A Ka?

 

Ya 'yan uwa Musulmi, a wannan yanki namu na Ikara da Makarfi da Kudan, ko ba a duba kalanda ba, tsakar gidan mai kitso kaɗai ta isa ta gaya wa mutum lokacin da ake ciki. Da damina, sa'ar da kowane sisi ya tafi wajen taki da kuɗin ƙwadago, zane huɗu ko shida mace ke yi ta ɗaura ɗankwalinta, ba ruwanta da yayi. Amma da zarar masara da waken suya sun shiga buhu, aka fara saran rake, manyan motoci suka fara lodi a Makarfi da Kudan, to sai ɗaurin aure ya kankama, yau a Hunkuyi, gobe a Gimi, jibi a Paki ko Auchan. Kowane biki da ankonsa, kuma yanzu anko bai tsaya ga atamfa ba, har kitso sai an yi iri ɗaya. Kafin a huta, kuɗin tumatirin rani ya shigo ya tarar da azumi, tunda a 'yan shekarun nan da bazara Ƙaramar Sallah ke faɗowa. A goman ƙarshe na Ramalana, lokacin da maza ke cika masallatai, a cikin gidaje layi ake yi na tsifa da wankin kai da kitso har tsakar dare da hasken tocila.

Ni dai ba ni da faɗa da sauyin yayi. Iyayenmu sun yi doka a zamaninsu, daga baya shuku ya zo daga ƙasar Yarabawa, kalaba ma sunansa ya faɗi inda ya fito, yau kuma ga kitson Gana da wasu waɗanda sunan 'yar fim ko 'yar TikTok ake laƙaba musu, su yi wata uku su wuce. Mace ta yi wa mijinta ado a cikin ɗakinta, yarinya ta yi kitson Sallah ta ji daɗi a cikin ƙawayenta, wannan duk halal ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kayan da ake zubawa a kan kafin a kai ga kitson, da wanda ake cusawa a cikinsa, waɗanda ba wanda ke tambayar daga ina suka fito, da me aka haɗa su, kuma me za su bari bayan an share filin Idi.

Malamanmu, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi ƙoƙari matuƙa a kan maganar rufe kai, har ta kai yau da wuya ka ga 'yar shekara bakwai ta fito daga gida a Likoro ko Gazara ba hijabi. To amma wa'azin ya tsaya a kan ƙyallen, abin da ke ƙarƙashinsa an bar wa 'yan koli. Alhali Musulunci bai bar shi ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) umarnin da Manzon Allah (SAW) ya bai wa duk mai gashi cewa ya mutunta gashinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin mutumin da ya shigo masallaci kai buzu-buzu, Manzon Allah ya yi masa nuni da ya fita ya gyara. Uwar Muminai A'isha (RA) tana taje masa kai yana cikin i'itikafi, yana miƙo kan ta ɗakinta. Kai, ko da 'yarsa ta rasu, da ruwa da magarya ya ce a wanke ta, Ummu Aɗiyya da matan da ke tare da ita suka yi mata kitso gida uku. Addinin da ya kula da kitson gawa, ta yaya za a ce bai damu da abin da ake shafa wa mai rai ba?

Mu fara da man nan na miƙar da gashi, wanda wasu ke kira shamfo, wasu rilaza. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka mai ne kamar sauran mai. Ba mai ba ne. Jigon abin da ke cikin mai ƙarfinsa soda ce, ita dai sodar da 'yan uwanmu mata ke haɗa sabulu da ita a wajen koyon sana'a, wadda ake ce musu su sa safar hannu kafin su taɓa, su kuma nisanta ta daga yara. Aikinta shi ne ta karya abin da ya riƙe silin gashi a murɗe, shi ya sa yake saki ya kwanta. Wanda aka rubuta wa "No-Lye" a kwali, ake ce mana na yara ne ko marar zafi, wani ɗan uwan sodar aka sa a madadinta, shi ma yana ƙona fata in ya daɗe, yana kuma busar da gashi. Hoton yarinya tana murmushi a jikin kwali bai canza abin da ke ciki ba.

Asalin abin ma yana da kyau a sani. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Garrett Morgan, mai gyaran keken ɗinki, shi ne ya ci karo da shi a farkon ƙarni na 20, yana neman ruwan da zai hana allurar keke ƙona yadi, ya ga ruwan yana miƙar da gashi, ya kafa kamfaninsa a 1913. Kasuwar ta buɗe ne domin a lokacin baƙin mutum a Amurka ba ya samun aiki ko mutunci sai ya yi kama da wanda ya bautar da kakanninsa. Malcolm X, wato Alhaji Malik Shabazz, wanda ya yi aikin Hajji ya kuma ziyarci Nijeriya a 1964 kafin a kashe shi a 1965, ya ba da labarin yadda yana saurayi wani abokinsa ya kwaɓa masa soda da ƙwai da dankalin Turawa ya shafa masa a ka, yana jin kamar kansa zai kama da wuta amma ya daure don gashinsa ya kwanta irin na Bature. Bayan Allah Ya shirye shi, ya lissafa wannan rana a matsayin farkon wulaƙanta kansa da ya yi da hannunsa. Abin da bawan Allah nan ya tuba daga gare shi tun kafin a haifi iyayenmu, shi muke bin layi muna saya wa 'yar shekara biyar.

Kada a ce na ce haramun ne. Fatawa ta malamai ce. Kuma na san uzurin iyayenmu mata, uzuri ne na gaskiya: yarinya mai gashi mai tauri, ranar tsifa da taza kamar ranar yanka ce, tana kuka uwa na duka, mai kitso na tsaki. Uwar da ta sayo shamfo sauƙi take nema wa 'yarta. To amma a dubi yadda abin yake zuwa mana. Kamfanin da ya yi shi tsakani da Allah yana sa takarda a cikin kwalin, ya faɗi mintocin da ba za a wuce ba, ya ce kada a sa a kan da ke da ƙurji ko wanda aka sosa, a shafe fatar kai da gefen kunne da basilin tukuna, a sa wa sabon tsiro kawai, a bar makonni shida zuwa takwas kafin a sake, sa'annan ya haɗo da wani sabulun ruwa na musamman wanda ke kashe kaifin sodar bayan an wanke. Wanda ke isowa kasuwannin ƙauyukanmu fa? Babban bokiti ake sarowa daga Sabon Garin Zariya ko Kano, a riƙa ɗiba da cokali ana ƙullawa a leda ko a 'yar robar da ba ko harafi ɗaya a jikinta. "A ba ni na ɗari biyu." Ba takarda, ba kwanan wata, ba sabulun kashe kaifi. Ya wuni a rana a kan buhu a kasuwar Makarfi, gobe ya wuni a ta Ikara. In ya zo gida sai a lafta tun daga tushe har baki, a kan da aka tsefe aka sosa ɗazu-ɗazu, yarinya ta ce, "Umma, zafi," a ce mata, "Yi haƙuri, kamawa yake yi." Wallahi ba kamawa yake yi ba, cin fata yake yi. Washegari a tashi gashi ya manne da ruwan ciwo, a ce ai kanta ne ba ya son mai. Wurin da ƙunar ta yi zurfi ta bar tabo, gashi ba ya sake fitowa a wurin har abada, kuma wannan yarinya wata rana amarya ce. Garin gyaran gira an rasa ido.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A watan Oktoba na 2022, masu bincike na cibiyar nazarin lafiya ta gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 da suka yi na kusan shekara 11, inda 378 daga cikinsu suka kamu da ciwon dajin mahaifa. Suka ƙiyasta cewa a cikin matan da ba su taɓa amfani da kayan miƙar da gashi ba, waɗanda ciwon zai kama kafin su cika shekara 70 ba su kai biyu cikin ɗari ba, amma a cikin masu yi fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai huɗu cikin ɗari. Su kansu masu binciken alaƙa suka ce sun gani, ba su ce duk wadda ta shafa za ta kamu ba, don haka kada wata ta karanta wannan ta kasa barci. Sai dai a lura, wancan kayan kamfani ne mai suna da adireshi, a ƙasar da ake kai kamfani kotu. Namu na cikin leda, in ya yi ɓarna, wa za a kama?

Saboda haka 'yar uwa, in dai har kin ga lallai sai kin saya, to ki sayi wanda ke cikin mazubinsa na asali, a rufe da hatiminsa. Ki duba lambar rajista ta hukumar NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993, kuma aikinta bai tsaya ga magani da abinci ba, har da kayan shafe-shafe. Ki duba sunan kamfanin da inda yake, da ranar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa wadda ake rubuta "EXP" a gabanta. In ba ki karanta boko, ɗanki ko ƙanwarki da ke sakandare su karanta miki, ba abin kunya ba ne. Lambar kaɗai ba ta isa ba, don masu jabu ma sun iya buga lamba. In rubutun yana gogewa da yatsa, ko man ya rabu ruwa a sama guda a ƙasa, ko kuɗinsa ya faɗi ƙasa da rabin yadda aka san shi, ki ajiye masa kayansa, araha ba ta ado. Kuma gara shagon da ke nan kullum, wanda za ki iya aikawa a mayar masa, da ɗan kolin da in kasuwa ta tashi sai wani makon, in ma ya dawo.

Sai gashin doki, wanda shi ne yayin bukukuwan 'yan shekarun nan, musamman ga amare da ƙawayensu. Shi wannan hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW) da uzurin da ya fi namu ƙarfi: 'yarta amarya ce, ciwo ya zubar mata da gashi, tana neman izinin ta ƙara mata. Bai ba ta izini ba, ya kuma ambaci tsinuwa a kan mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hanin a babin da ke maganar ɗabi'un fiɗira da aski da tufafi. Wasu 'yan uwa sukan ce ai na roba ne, ba na mutum ba. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a nan, Hanafawa da Laisu ɗan Sa'adu sun sauƙaƙa a kan abin da ba gashin ɗan Adam ba, amma abin da aka ruwaito daga Imamu Malik shi ne hani a kan ƙari da kowane abu, in ban da zare mai launi wanda kowa ya gani ya san ado ne, ba a ɗauke shi gashi ba.

Na mutum ɗin, mai tsadar da ake alfahari da shi, wani kaso mai yawa nasa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar wuraren bauta irin na Tirupati ke aske kansu a matsayin bakance, hukumar wurin ta tara ta yi gwanjonsa. A 2004 manyan malaman Yahudawa masu riƙo sun hana matansu sa irin wannan gashi saboda wannan dalili, har aka riƙa ƙona shi a titi. Mu da muke taƙama da tauhidi ko tambaya ba mu yi ba. Na robar kuwa, a watan Fabrairu na 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta auna iri goma daga cikin waɗanda aka fi saye a can, ta sami sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji a dukkansu, ta sami dalma a tara. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalma, mun ga yadda gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ba na cewa yawan da ke cikin gashin roba ya kai na ƙasar haƙar zinariya, ko kusa. Amma abu ne da ke kwana wata guda a jikin fata cikin gumin bazara, yara na tauna bakinsa, kuma mai kitso ita ke shaƙar hayaƙinsa duk sanda ta ƙona bakin da ashana ko ta tsoma shi a tafasasshen ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan shi ne tsarki. Shari'a ta sauƙaƙa wa mace, hadisin Ummu Salama (RA) ya nuna ba sai ta tsefe kitsonta ba a wankan janaba, matuƙar ruwa zai ratsa ya kai tushen gashi. Amma malaman mazhabarmu sun ce in an cika kitson da zarurruka, ko an matse shi yadda ruwa ba zai shiga ba, to sai an kwance. To ina ga hular gashin da ake mannawa da gam a goshi, a ce kada ruwa ya taɓa ta har sai an gama biki? A kan me amarya ke shafar kai in ta zo alwala? Da me take wanka, ita da ta fi kowa buƙatar wanka a wannan makon? Duk macen da ke zuwa gidajen biki ta san yadda Azahar da La'asar ke wucewa ana jiran mai hoto. An ɗaura aure a kan sunna a masallaci da safe, da yamma an buɗe shi da barin salla. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ko kitson da ba ƙari a cikinsa, masu kitso ku ji tsoron Allah ku sassauta hannu. Kitson da za a yi wa yarinya ta kasa rufe ido, a ba ta fanadol kafin ta yi barci, ƙananan ƙuraje su feso a gaban goshi, wannan cire gashi ne daga saiwarsa. A nan ne matan da ba su kai talatin ba ke samun goshi har tsakiyar kai, su zo suna neman maganin sammu.

Dayis ma haka. Babu wata bishiyar lalle da ke ba da baƙi. Lallen da muka sani ja yake yi, baƙin wani sinadari ne da ake kira PPD, wanda ke sa wa wasu kumburi da ƙuraje masu ruwa, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, karo na biyu ya fi muni. Risala ta ce rina gashi da baƙi makaruhi ne, ta kuma ce ba laifi a yi da lalle. Wadda za ta yi duk da haka, ta ɗiga kaɗan a bayan kunne ta jira kwana biyu ta ga abin da zai faru.

Akwai kuma 'yan kasuwar waya, masu haɗin "tsawon gashi cikin sati biyu", da hoton wata Ba'indiya a jikin kwalba. 'Yan uwa, gashin ɗan Adam kimanin santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, ko a Kudan ko a Makka. Abin da mai kyau ke yi shi ne ya hana wanda ya fito karyewa. Mai jego da gashinta ke zuba wata uku bayan haihuwa, yawanci da kansa yake dawowa. Wadda nata ke zuba tana kuma jin jiri da kasala, ta je asibiti a auna jininta, sau da yawa ƙarancin jini ne. Yaron da gashinsa ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa, wannan alamar tamowa ce, ƙwai da wake da zogale yake nema, waken suyan nan da muke aunarwa duka a kaka ba mu rage na kunu ba.

Alhali abin da kai ke buƙata yana kewaye da mu, kowane lokaci da nasa. Da hunturu, sa'ar da iska ke busar da gashi yana karyewa kamar tsinke, man kaɗanya ko man shanu ko alayyadi ake so, a kan gashi mai ɗan danshi, a yi kitso manya a rufe. Da bazara a rage mai, a yawaita wanki, don gumi da mai in suka haɗu a ƙarƙashin hijabi mai kauri su ke kawo ƙaiƙayi da amosani. Da damina kada a ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai. Kukan ranar taza kuwa, kakanninmu sun san maganinsa: a jiƙa karkashi, a shafe kan da yauƙinsa, a raba gashin kashi-kashi, a fara tajewa daga baki ana hawa zuwa tushe da mataji mai manyan haƙora, ba a taɓa taje shi a bushe. Garin ganyen magarya da sabulun salo mai kyau suna wanke kai tas. Wani abin haushi, wannan kaɗanya da muka raina, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa samar da ƙwallonta a duniya, Turawa na saye da araha su tace su zuba a kwalba su dawo mana da shi da sunan Turanci. Har ta kai a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Mu kuma a dazuzzukanmu itacen muke sarewa muna gawayi.

Yanzu na juyo gare ku, iyayenmu maza da yayyenmu, ku da kuka sayi jaridar nan a ƙofar masallaci za ku naɗe ta ku kai gida. Na san wani zai ce maganar kitso kuma ina ruwan namiji. Da ruwanka, Malam. Ka buɗe Mukhtasar na Shehu Halil a babin ciyarwa, za ka tarar ya lissafa kwalli da man shafawa da lalle da abin gyaran kai a cikin abin da ya wajaba miji ya ɗauke wa matarsa, a matsayin adon da take cutuwa in ta rasa shi. Wato man kitso yana layi ɗaya da hatsi da cefane, ba alfarma ba ce. To mutum ne zai sayar da rake mota guda, ya canza babur, ya ɗinka shadda kala biyu, sa'annan daren Sallah ya miƙa wa uwargida abin da bai kai kuɗin katin wayarsa na mako ba, ya ce ita da 'yan mata huɗu su yi kitso. Da wannan kuɗin me za ta saya in ba na leda ba? Kuma shi ne dai zai dawo yana yaba matan fim, yana cewa tasa ba ta iya gyara ba. Mace da yawa da ke ƙona kanta da soda, tsoron kishiya ne ya kai ta, ko wata magana da mai gida ya yar ya manta. Tun fiye da shekara 200 da suka wuce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kuka da mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna amfanin su kamar kayan ɗaki. Kai da ba ka yarda a zuba wa tumatirinka maganin feshin da ba ka karanta kwalbarsa ba, ka san abin da aka zuba wa 'yarka a ka ranar jajibere?

'Ya'yanku maza ma ba su tsira ba. Askin 'yan ƙwallo, a aske gefe a bar tsakiya, shi ne ƙaza'u ɗin da hadisin Ibnu Umar (RA) ya hana, kuma don adalci, zanko da tukkun da aka yi wa kakanninmu ma a nan suka faɗa, ba Bature ne ya fara kawo mana ba. Amma ni layin shagon aski na daren Sallah ya fi damuna, kai talatin da injin aski ɗaya, ba wanki ba gogewa, ba a canza reza. Ta nan makero ke yawo daga kai zuwa kai, kuma duk abin da ke fasa fata ya taɓa jini yana iya ɗaukar ciwon hanta, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari na manyan Nijeriya na ɗauke da nau'insa na B. Makero kuma in ya kama fatar kai maganin sha yake so na makonni daga asibiti, a daina shafa wa yara man birki.

Shawarata ga 'yan uwa masu tafiyar da Islamiyyun matan aure a Ikara da Makarfi da Hunkuyi da ƙauyukansu ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a watan Sha'aban, da kuma kafin a fara saran rake, a ware darasi guda a babin tsarki, a ce kowace ɗaliba ta zo da abin da take shafa wa kanta da na 'ya'yanta, a baje a tabarma a karanta kwalayen tare. A gayyato 'yan uwa mata da suka yi karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, muna da su kusan a kowace unguwa, su duba kawunan yara su ware masu makero da masu ƙuna a tura su asibiti. A kira masu kitson unguwa su zauna a sahun gaba, da girmamawa, don sana'arsu ce abincinsu, kuma maganar da mai kitso ta faɗa wa mace tana riƙe da kanta ta fi shiga fiye da ta lasifika. A zaurukan maza kuma, malamin da ke karantar da babin ciyarwa, in ya zo kan kwalli da mai da lalle, don Allah ya dakata a wurin ya fassara da Hausa, ya faɗi abin da kwalbar man kaɗanya take a kasuwa a wannan makon.